Kunun Mainasara da Gadon Gogo

Ni Zubairu mai agashe, tsiren garin nan, ina cikin mutum huɗun da suka ɗauki gadon nan a kafaɗa. Ƙafar gaba ta hagu ce tawa. Saboda haka duk wanda ya ba ku labarin nan ba yadda zan faɗa ba, daga nesa ya tsaya.

A layinmu na Umbadda, nan kusa da Khartoum, shekarun da kaset ke tashe, rauda ɗaya ce tak, wato makarantar 'yan ƙanana, ta Sakinatu. Yara talatin da 'yan kai, kusan duk 'ya'yan matan da ke sammako zuwa Kasuwar Libiya sayar da shayi da gyaɗa. In ba don raudar ba, sai dai uwa ta goya ɗanta cikin rana ko ta kulle shi a ɗaki. Mai dafa wa yaran fatur, abincin hantsi ke nan, ita ce gwaggon Sakinatu, wadda kowa ke kira Gogo, har liman. Tsohuwa ce 'yar firit, mai tari da kaifin baki. Yau kunun gero, gobe kisra, wato siririyar wainar dawa, da miya, jibi wake da mai. Matsalarta ɗaya: iyaye mata kan cika aljihun yara da biskit da alawa daga kasuwa, sai yaran su zo mata da ciki rabi a cike.

Ana nan sai ga takarda daga ofis. Wata jami'a mai suna Ustaza Ni'mat za ta zo ranar Alhamis ta makon sama ta ga abin da yaran ke ci. Abincin gida ake so, mai gina jiki. Raudar da aka samu tana ɗura wa yara biskit da ruwan kala ba za a sabunta mata izini ba, izinin Sakinatu kuwa saura wata guda ya ƙare.

Da a ce takardar hannun Gogo ta faɗa, da yau ba ni da labari. Hannun Mainasara ta faɗa, mijin Sakinatu.

Mainasara ya taɓa gyaran rediyo, rediyoyin layinmu suka yi shiru. Ya taɓa kiwon tattabaru, suka koma gidan mai su. Amma sau ɗaya ya raka Sakinatu wani taro a Khartoum kan abincin yara, ya riƙe mata jaka, ya zauna kusa da fanka, ya dawo da 'yar takarda mai hoton karas. Tun daga ranar ya hana a kira shi Mainasara zalla, sai Ustaz. Har tabarau ya saya, alhali idonsa ras.

Ya shiga kicin da takardar ofis a hannu ya ce, "Gogo, abin da kike dafawa ba shi da ilmi."

Gogo ta ce, "Yaran suna ci?"

"Suna ci, amma ba bisa ilmi suke ci ba."

"To ya Ustaz, ilmin nawa za a zuba, cokali ko ludayi?"

Bai kula ta ba. Ya ce takardarsa mai hoton karas ta nuna jikin yaro na bukatar abinci iri bakwai. Gogo tana ba su iri bakwai a kwana bakwai, wannan ɓata lokaci ne. Shi zai ba su bakwai ɗin a tukunya ɗaya, kullum, ya sa wa abin suna Kunun Nasara. Gero, gyaɗa, kuka, tsamiya, weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, da busasshen kifi, da hulba. Sai barkono kaɗan don buɗe ciki.

Ranar gwaji ni ya fara kamawa, don shagona ne kusa. Na tsoma cokali na ɗaga, kunu ya biyo cokalin. Na ƙara ɗagawa, ya ƙara biyowa. Sai da na miƙe tsaye, bai rabu da kwanon ba.

Na ce, "Ustaz, wannan sha ake yi ko yankawa?"

"Haɗiye, ya zol, mutumina. Alamar ƙarfi ce."

Na haɗiye. Kwana biyu ina jin Farin Nilu a maƙogwarona, da kifinsa da taɓonsa.

Yaran sun fi ni gaskiya. An jera musu kwanuka, kowa ya leƙa nasa ya ja da baya. Wata 'yar shekara huɗu, Lami, ta taɓa nata da yatsa ta ce wa Mainasara, "Ammu, yana motsi." Aka kwashe aka zuba wa akuyata. Ta shinshina, ta dube ni, ta juya ta ci gaba da cin kwalinta.

Mainasara ya ce yara da awaki duk jahilci ke damunsu, gobe za su saba. Gobe ta yi, ba su saba ba. Ya ƙara hulba. Yara suka fara komawa gida suna warin hulba, babu wanda ya ci, tururin kaɗai ya isa. Uwaye uku suka zo suka ce in haka za a ci gaba za su kwashe 'ya'yansu.

Gogo ta ce ko shi ya bar mata kicin ko ita ta bar masa. Ya ce ilmi ba ya ja da baya. Ranar Litinin da sassafe, layi bai farka ba, ta ɗaure ƙullinta ta hau mota sai Jabal Awliya wurin 'yarta.

Sakinatu mace ce mai haƙuri, amma ranar na ji muryarta ta katanga, tana kiran mijinta da alkunyarsa. "Abu Rabi'atu, in izinin nan ya kuɓuce ba ni kaɗai ce zan shiga uku ba. Mata talatin ina za su kai 'ya'yansu?"

"Ki bar mini komai. Ranar Alhamis ke dai ki je ki ɗauko Ustaza. Abin da za ta gani, har a rediyo za a faɗa."

"Me za ta gani?"

"Sirri ne. Mahassada kunnensu na nan."

Sirrin nan shi ya kashe mu. Bai gaya wa kowa komai ba. Abu ɗaya ya yi, ya bi gida gida ranar Laraba ya ce kada a ba yaro ko shayi gobe da safe. Lissafinsa, in yunwa ta kai musu iya wuya, za su shanye Kunun Nasara a gaban jami'a har su lashe kwano.

Ranar Alhamis Sakinatu ta fita tun bayan asuba, don layukan Umbadda ba su da suna, baƙo sai an je an jawo shi. Tana ficewa Mainasara ya tafi wurin Jibirin mai hayar rumfa ya ce a kafa masa sewan, wato babbar rumfa, a ƙofar rauda. Jibirin ya tambaye shi kujeru nawa. Ya ce ba kujera, tabarmi, zaman ƙasa ya fi narkar da abinci. Fitilu fa? Ya ce wannan ba ranar wasa ba ce. Jibirin ya sunkuyar da kai, bai ƙara tambaya ba, ya zo ya kafa rumfa cikin natsuwa.

A garin nan rumfa a bakin titi magana biyu take yi. In da kujeru da fitilu masu launi da kiɗa, biki ne. In tabarmi ne, an yi rashi. Ɗan yaye ma ya san wannan. Mainasara ya sani sarai, kansa ne ya cika da ilmi har babu wurin ajiye shi.

Bai tsaya nan ba. A taron Khartoum ya ga an jera kayan gona a teburi an rufe da ƙyalle, babban baƙo ya zo ya yaye, aka tafa. Shi ba shi da teburi, sai ya jawo angarib ɗin Gogo, gadon igiyarta mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya wanda duk layi ya sani, ya ajiye a bakin rumfa. Ya sa kabewa a wajen kai. Ya bi da ƙaramin buhun gero, da damin dawa, da kankana biyu, da 'ya'yan kuka a wajen ƙafa. Ya lulluɓe duka da farin yadi, ya soke gefe da gefe don iska. Ƙudaje suka taru, ya kunna turaren wuta a ƙarƙashi. Ya tuna kowane taro da karatu ake buɗe shi, ya kunna kaset. Sannan ya shige gida ya danna sakata don kada yara su gudu, ya wuce bayan gida wajen tukunya.

Wajen ƙarfe tara yaran da ke ciki tare da malamarsu Khadiga suka fara kukan yunwa, su talatin, murya ɗaya.

Matata Kande ce ta fara leƙawa. Ta dawo ta jingina da ƙofa ta ce, "Zubairu, kwana uku ke nan ban ji tarin Gogo ba."

Na fito. Ga rumfa, ga tabarmi, ga karatu, ga turare, ga gadon Gogo da abin da ke kansa, ɗan gajere kamar ita. Ga kukan yaran da ta ciyar. Tsohuwar nan kullum da yamma sai ta zo ta ce agashena ƙasa ne da gishiri, sannan ta cinye tsinke biyu. Na tsaya a tsakiyar titi hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Kafin rabin sa'a rumfa ta cika. Mai keken ruwa ya ɗaure jakinsa ya zauna. Masu jiran mota suka fasa tafiya. Labari ya kai Kasuwar Libiya, mata suka bar shayi a kan wuta suka taho. Suka buga ƙofar rauda ba a buɗe ba, suka zube a gindin katanga suka fara nasu. Samari biyar suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta ba tare da an aike su ba. A kowane gida kuwa aka ɗora tukunya, don gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta, maƙwabta ke ciyar da shi.

Sau ɗaya Mainasara ya leƙo. Icen da ya samu ɗanye ne, ga barkono ya faɗa wuta, hayaƙi ya shaƙe shi. Ya fito cikin farar jallabiya da rawani, idanu jawur, hawaye har gemu, murya ta ɗauke. Malam Labaran, dattijon layi, ya tare shi ya ɗaga tafuka don Fatihar ta'aziyya. Mainasara ya ga jama'a maƙil, ya ɗauka sirrinsa ne ya fasu, gari ya taho yi wa shirinsa addu'a. Ya ɗaga nasa tafukan. Aka shiga layi ana rungumarsa, yana gyaɗa kai yana share ido. Ni ma na rungume shi, na ji yana warin hulba, na ce a raina bawan Allah ko wanka bai samu yi ba. Can ya jiyo ƙauri, ya fizge jiki ya koma ciki da gudu ya sake danna sakata.

Malam Labaran ya girgiza kai. "Miskin, ya rikice. Shi da suke faɗa da ita kullum, ga shi ya fi kowa kuka." Ya dubi rana, ya dubi gado. "Jama'a, zafi na ƙaruwa. An yi mata sutura, an yi turare, barinta a titi bai dace ba. Mu ne maƙwabta. Mu kai ta filin masallaci, iyalanta sa same mu can."

Muka ɗauka. Na ce a raina, ashe Gogo na da nauyi haka. Dauda tela da ke bayana ya raɗa mini cewa masu alheri haka suke.

Ba mu yi taku talatin ba sai ga tasi ta shawo kwana. Sakinatu ta fito, bayanta wata mace doguwa cikin farin tob, lafayar matan nan, riƙe da fayil. Sakinatu ta dubi rumfa, ta dubi gadon, ta ga ƙafar nan mai waya. Ba ta tambayi kowa ba. Ta durƙushe a ƙasa tana cewa, "Da fushi ta bar gidana. Ko sallama ban yi mata ba." Wannan kukan ba na dariya ba ne. Ustaza Ni'mat ta rufe fayil ta tsugunna ta rungume ta, tana cewa yau ba ranar aiki ba ce.

Muna tsaye da gado a kafaɗa muna jira mata su ba da hanya, sai na ji tari. Tarin da na sani. Na ce kunnena ne. Na sake ji, ba daga kaina ba, daga gabana.

Wata 'yar tsohuwa ce ta sauko daga motar Jabal Awliya da kwandon kifi a ka. Ashe zuciyarta ce ta ƙi kwanciya, ta ce ba za ta bar 'yar ɗan'uwanta ta ji kunya ranar Alhamis ba. Ta ratsa jama'a, kowa ta taɓa sai ya yi tsalle gefe. Ta zo ta tsaya a gabana ta ɗaga kai.

"Zubairu, ina za ku kai mini gado?"

Ni dai na san na saki. Sauran ukun sun ce ni na fara, ban musa ba. Gado ya karkata, yadi ya zame, kabewa ta faɗo ta gangara har gaban Malam Labaran ta tsaya a kan takalminsa. Kankana ɗaya ta fashe. 'Ya'yan kuka suka watse a titi. Mai keken ruwa bai tsaya kwance jakinsa ba.

Kaset na ta karatu, yara na ta kuka.

Gogo ta dubi kabewa, ta dubi rumfa, ta dubi matan da fuskarsu ta jiƙe. "Ni ce wannan?"

Malam Labaran ya ce, "Hajiya, haka muka zata."

"Shekara talatin muna layi ɗaya, ba ku iya bambanta ni da kabewa ba." Ta juya wajen Sakinatu da ta ƙanƙame ta. "Sake ni, ya bitti, 'yata, za ki zubar mini da kifi. Yaran can me aka yi musu?"

Ta je ta buga ƙofa sau ɗaya ta ambaci sunanta, Khadiga ta zare sakata. Yara suka ɓarko waje kamar an buɗe akurki. Daidai lokacin kuma siniyoyin makoki suka fara isowa, manyan farantai a kan mata, daga kowace ƙofa. Kisra da miyar weka, tuwon dawa, wake da man riɗi, tumatir da dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kifi soyayye, furar gudugudu da nono a ƙwarya. Gogo ta ce a sauke a kan tabarmi. Yara suka kewaye, biyar biyar, suka sa hannu. Ba wanda ya nemi biskit. Lami ta ci har ta yi barci da kisra a hannu.

Ustaza Ni'mat ta miƙe a hankali, ta kaɗe tob ɗinta, ta buɗe fayil.

A nan ne Mainasara ya fito, tukunya a hannu biyu, tabarau a hanci, murya ta ɗan dawo. Ya ga gado a kife, ya ga kabewarsa a hannun Malam Labaran, ya ga Gogo. Wani da ya ga haka sai ya koma ciki. Shi gyaran murya ya yi.

"Ustaza, marhaba. Kamar yadda kike gani, na tara al'umma gaba ɗaya a kan abincin gida."

Ta ce, "Kai ne mai mamaciyar?"

"Ni ne mai shirin. Ga kuma ginshiƙinsa."

Ya miƙa mata cokali. Mace ce mai ladabi, ta tsoma ta ɗaga. Ta ƙara ɗagawa. Da hannunta ya ƙure ta mayar da cokalin a hankali ta ce ta ƙoshi da gani.

Sai ga samarin maƙabarta sun dawo, ƙura har gira. Babbansu ya ce kabari ya kammala, me ake jira? Gogo ta nuna tukunya da haɓa. Malam Labaran ya ce a'a, mutanen da ke kwance can ba su yi wa kowa laifi ba.

Ustaza ta tambayi wa ya dafa abin da yaran suka ci. Mata suka dubi juna, suka ce su ne. Ta ce to me ya sa kullum biskit suke cusa musu, alhali hannunsu ya iya wannan? Kande ta ce, "Ustaza, wannan ai na makoki ne." Ustaza ta ce ashe sai an mutu yara ke cin abinci a layin nan.

A kan gadon Gogo, bayan an tayar da shi, ta sa hannu a takardar izini. Sharaɗinta biyu. Kowane gida zai kawo siniya ɗaya rana ɗaya a wata, Gogo ce mai kicin. Na biyu ta faɗe shi tana kallon tukunya, ba sai na maimaita ba. Sakinatu ta karɓi takarda, ta rasa kuka za ta yi ko dariya, ta yi duka biyu.

Mainasara ya bi Ustaza har bakin tasi yana cewa dama tsarin ke nan tun farko, mataki mataki ne. Ta ce madalla, wata mai zuwa za ta dawo ba tare da sanarwa ba, kuma tana so ta ga siniyoyi kamar na yau.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Ki bar mini komai. Na riga na san yadda ake tara su."

Gogo tana jan gadonta zuwa cikin gida. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi tari.

"Tamam, ya Ustaz. Ni na yi nawa. Wata mai zuwa kai za ka mutu."